Gara Ba Ta Da Laifi, Baba

Assalamu alaikum, Baba Malam Audu kafinta na Kwarbai. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, da fatan kabarinka na cikin haske, na zo da wata magana da na daɗe ina haɗiyewa. Yau na girme ka da shekara tara, amma har yanzu in na tuna ta sai in sunkuyar da kai. Maganar piyano ce.

Ka san yadda ya shigo gidanmu, shekaru kaɗan kafin 'yancin kai. Tsohuwar Baturiyar nan ta Wusasa, wadda kake yi wa gyaran kujeru, ita ta fara sa ka manna mata 'yan gudumomin cikinsa da ɗaure wayoyin da suka saki. Da za ta koma ƙasarsu ta bar maka shi. Ƙarti shida suka turo shi a amalanke ta Ƙofar Kuyambana, mata na leƙe ta katanga.

Har da takardun kiɗan ta haɗa maka, sun yi ja don tsufa, bangonsu duk zanen furanni. Ba ka iya karanta su ba, da kunne ka ɗauka. Ka ce ta gaya maka kiɗan falo ne na zamanin kakarta, wanda 'yan mata ke yi wa baƙi bayan cin abinci. Wani a kan ƙararrawa aka tsara shi, wani a kan yayyafi. Hannun hagu na tafiya kamar lugude, na dama na gudu sama yana dawowa. Waɗanda suka tsara shi kuwa, a da kowane gida ya san su, yanzu ko a garinsu dariya ake musu. Kai kakan ce, "Allah sarki, masu sana'a ne irina. Sun yi abin zaman ɗaki, an zauna, an manta da su."

Kullum bayan la'asar sai ka wanke hannu ka zauna a zaure. Wallahi Baba yana da daɗi. Ban taɓa gaya maka ba.

Amma ni lokacin sabon akawu ne, ina ji da kaina, ina neman auren Hauwa 'yar gidan malamai. A unguwa an fara cewa kafinta ya zama makaɗi. Kawunta ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce su dai tun kakanni ba su taɓa haɗa jini da makaɗa ba, in je in yi tunani. Na yi tunanin kuwa, irin na marasa kunya.

Kai ka san itace, ka san gara. Ƙafafun piyanon huɗu kowacce a cikin gwangwani take, da kananzir a ciki, kuma ba ka bari ya taɓa bango. Duk Asabar kana dubawa. Da damina ta sauka aka kira ka aikin ƙofofin masallaci a ƙauye, ka bar mini kwalbar kananzir, ka ce, "Sani, kar ka bari su bushe."

Ranar da ka tafi na tsiyaye su tas. Na sa kafaɗa na tura shi ya jingina da bangon ƙasa, na rufe da tsohon bargo. Wata biyu ina wucewa ta zauren nan ina kau da kai. Ana gobe za ka dawo na janye shi na mayar inda yake a da.

Ko buta ba ka ɗauka ba ka yaye bargon. Ka danna haƙorin piyanon ɗaya, ya nutse bai taso ba. Ka buɗe baya, ƙasa ta zubo maka a ƙafa. Na ga ka durƙusa, ka sa yatsa a gwangwani, ka shinshina. Sannan ka dubi shatin da piyanon ya bari a jikin bango, ka daɗe kana dubansa. Ni ba ka dube ni ba.

Inna ta fito tana salati, tana tambayar wa ka bar wa amanar. Ina tsaye a wurin. Sai ka ce, "Ni na manta ban zuba ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Tsufa ne." Haba Baba! Kai da ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓace maka ba.

Kafin kaka aka ɗaura aurena. Kai ka je da kanka ka karɓo mini, kana ta fara'a, kawun nan yana yaba maka da ka bar wasan banza. Ka ce masa to, madalla. Shekara goma sha ɗaya muka ƙara tare, muna ci a akushi ɗaya, ba ka tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Ni ma na samu wurin ɓuya na lafe. Na yi ta cewa sai gobe, har aka sa ka a makara.

Hauwa ta rasu bara, ba ta sani ba. Jikokinka ma sai yau za su ji, don na ce a karanta musu wannan takarda ina zaune a gabansu.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata makwancinka, ya saka maka da rufin asirin da ka yi wa wanda bai cancanta ba. Ka yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarka, saboda ni. Ina roƙon Allah ya ɗora ta a kaina.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Sani