Daron Hadiza a Gonar Banga

Zuwa ga ɗana Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Zainabu da jikokina. Yaya zafin Legas? Mu nan Kaura sai godiya, ƙafar innarka ma ta yi sauƙi.

Ƙanwarka Hadiza ta zo da aikin makarantarsu na koyon noma. Ta ajiye daro cike da ruwa a gonarmu ta Banga, tana tsoma rula kowace safiya don ta san yawan ruwan da rana da iska ke shanyewa. Da shi za ta gane ƙishin ƙasa da shuka.

Ni ba a gaya mini ba. Na ɗauka sadaka ce ta aje wa tsuntsaye da masu wucewa. Ka san ba na iya ganin ruwan sadaka ya ragu, sai na riƙa cika shi da butata kafin ta iso.

Kwana biyar ruwa bai motsa ba. Na iske ta tana hawaye, wai aikinta ya lalace. Na ce, "Ɗiyata, ni ne." Ta ce, "Haba Baba!" Sai ta fashe da dariya. Mun sake daga farko, yanzu ni ke gadin daron.

Ka gai da Zainabu, ka sa ƙanwarka a addu'a. Shekara arba'in ina noman ƙasar nan, Sani, ban taɓa ganin ƙishinta da idona ba sai da ɗiyata ta nuna mini.

Mahaifinka.