Birki a Hagu

Asabar, 5 ga Oktoba

Ya tashi.

Shekara biyu da ɗoriya yana kwance a gareji gunduwa-gunduwa, cikin kwalaye da gwangwanaye. Yau da hantsi na buga shi ya kama. Tsohon babur ɗan Italiya, ja, silinda ɗaya, ya girmi duk 'ya'yana. Ƙararsa ba irin ta baburan yanzu ba ce. Bugu yake ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san za a buɗe masa.

Likita, abokina mai cire haƙora, ya tuɓe hula ya dafe ƙirji don iya shege. Surukina, mijin 'yata Auta, yana tsugune yana murza kusar kabureta har ƙarar ta daidaita. Shi ya yi ta ɗaga min injin nan yana saukewa, shi ya nemo fistan a intanet bayan na fid da rai. Murna ta kwashe ni. A gaban 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin babura na ce ranar fitar shekara, goma ga watan gobe, ni zan hau da shi kan dutse, surukina kuma ya sauko da shi.

Ya sunkuyar da kai. "Na gode, Baba." Bakinsa ya ƙi rufuwa.

Litinin, 7 ga Oktoba

Shekara talatin ina tace maganar mutane a jarida, tawa ban tace ba.

Bari in rubuta abin dalla-dalla, ko zan ga girmansa. Baburan yanzu duk tsari ɗaya ne: giya a ƙafar hagu, birkin baya a ƙafar dama. Wannan an ƙera shi kafin a daidaita tsarin. Birkinsa na hagu, giyarsa na dama. Kuma in ka taka ta dama ƙasa, giya take ƙarawa. Wato wanda ya firgita ya taka inda ya saba, maimakon babur ya tsaya sai ya saki jiki ya ƙara gudu. Birkin hannu kuwa na tsohon yayi ne, ya fi kama da shawara.

Ni ba abin da ya dame ni. Irinsu na koya tun ina saurayi, ban taɓa mallakar na zamani ba. Surukina kuwa kullum a kan babban baburinsa na zamani yake ratsa gari zuwa ɗakin gwaje-gwajen da yake aiki. Gwani ne. Gwanintar ce ke ba ni tsoro.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun kai shi filin ajiye motoci na bayan tsohon kanti, inda ba kowa ranar hutu. Na yi wa surukina bayani sau biyu. Ya ce, "Na karanta, Baba. Hagu birki, dama giya." Ya zagaya filin yana kwantar da shi a kwana kamar tare aka haife su. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya fi ni zama a kansa.

Sai wani kare ya fito daga bayan bola.

Na ga ƙafar surukina ta dama ta sauka. Na ji giyar ta shiga, injin ya sassauta murya, babur ya miƙe. Ya damƙe birkin hannu, ya ja takalmi a ƙasa, ya tsaya tayar gaba na shafar shinge. Kare ya wuce abinsa.

Ya ɗaga gilashin hular kwano yana dariya. "Sabo ne kawai. Zai fita."

Na ce haka ne. Na duba shingen kamar shi ne ya dame ni.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban ci abin kirki ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Auta ta kira. Ta yi ta zagaye-zagaye, lafiyar mamanta, famfon ɗakin girkinsu da ke ɗiga. Can ta ce mijinta ya ba ta labarin karen yana dariya, ita kuma ba ta ga abin dariya ba.

"Baba, ka hana shi mana."

Na ce ke ba ki da baki ne?

"Na faɗa. Ya ce kai ka ba shi a gaban mutane. In ya janye, kamar ya raina kyautarka ne."

Na gaya wa mamanta. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da ka tsare ministoci da tambaya, yaron da ke durƙusa maka ne ya gagare ka?" Na ce minista ba surukina ba ne. Ta ce to ka aika masa da takardar gyara a shafi na biyu, yadda kuka saba.

Ta iya ni.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Surukina ya zo da yamma ya kawo sabon madubi. Na shirya maganar tun safe, jimla uku, ba kwana-kwana. Da ya zauna a kan kwalin mai, hannuwa a haɗe, yana jiran abin da zan ce, sai na ji kaina ina tambayarsa ko zai iya ajiye baburinsa na wata ɗaya, ya riƙa shiga mota, don ƙafar ta manta.

Ya ce da son ransa ne da ya yi, amma cunkoson safiya ba zai bar shi ya isa aiki a kan lokaci ba. Zai dai riƙa zuwa duk Asabar yana koyo.

Kwana shida ƙafar na koyon dama, kwana ɗaya tana koyon hagu. Ba sai an kira masani ba.

Na ce Allah ya yi albarka. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na ɗauki mota ni kaɗai na hau dutsen. Na daɗe ban kalli hanyar da idon mai saukowa ba. Hawa ba komai, nauyi na riƙe ka. Saukowa kuwa kwana ce bayan kwana, gefe guda bango, gefe guda sarari. A wata kwana mai kaifi, ƙasa da wurin da masu sayar da lemo ke tsayawa, ƙarfen kariyar sabo ne fil, tsawon mota biyu, sauran duk sun yi tsatsa. Na tsaya na fita. Akwai ɓaraguzan jan gilashi a cikin tsakuwa.

Na san yadda ake rubuta irin labarin. Sakin layi uku. Na farko wuri da lokaci, na biyu shekarun mutumin da aikinsa, na uku abin da jami'i ya ce: babur ya ƙwace masa. Ɗaruruwa na tace da hannuna, ina rage kalmomi don su shiga gurbi. Ban taɓa tambayar ta yaya babur ke ƙwacewa ba.

Ina tsaye na kama kaina ina auna kanun labarin, ko zai shiga layi ɗaya. Na koma mota.

Laraba, 23 ga Oktoba

Akwai hanya. Ana iya ratsa sanda ta ƙarƙashin injin a mayar da giya hagu, a dawo da birki dama da waya. Amma sai an huda firam, an yi walda. Ba a komawa.

Na taɓa wa Likita maganar a asibitinsa, tsakanin marasa lafiya biyu. Ya zare safar hannu ya dube ni kamar na ce zan sayar da Auta.

"Firam ɗin da ka yi wata shida kana kankare wa tsatsa? Wanda bai taɓa ganin walda ba tun daga masana'anta? Haba, Edita. Ka gaya wa yaron a'a, a wuce wurin."

Na ce ka gaya masa kai.

"Ni haƙori nake cirewa, ba suruki ba."

A ƙungiyarmu babu doka a rubuce, amma kowa ya sani: wanda ya juya giyar tsohon babur, a ƙarshen layi ake ajiye nasa ranar baje koli, mutane su wuce suna kau da kai. Ni kaina na sha yi wa wasu wannan kallon.

Asabar, 26 ga Oktoba

Filin kanti kuma. Ya ƙware ƙwarai, canjin giyarsa sumul. Na bari ya saki jiki, ya zo wucewa ta gabana, na tafa hannu da ƙarfi na ce tsaya.

Dama.

Nan take ya gyara, ya tsaya ba nisa. "Ai na tuna, Baba. Kafin ƙiftawar ido."

A fili ƙiftawar ido ba komai ba ce.

Bai yi dariya ba yau. Muka tura babur zuwa gida. Ina jin ya sani. Ina jin kuma ba zai taɓa faɗa ba, kamar yadda ni ba zan faɗa ba. Mutum biyu masu ladabi suna tura abu ɗaya zuwa bakin rami.

Litinin, 28 ga Oktoba

Auta ba ta kira ba. Da ta kira ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na kai shi wurin mai walda.

Na zana masa inda zai huda, na tsaya a kansa. Da bakin injin hudawa ya taɓa jan fentin, fentin ya nannaɗe ya faɗi kamar ɓawon albasa. Ya tambaye ni ko in fita in sha iska. Na ce a'a. Wanda ya yanke hukunci ya tsaya ya gani.

Aikin ya yi kyau, gwargwadon yadda irinsa ke kyau. Sandar tana ƙarƙashi, sai ka sunkuya. Duk ɗan ƙungiya zai sunkuya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Surukina ya shigo gareji, ya kai hannu zai cire mayafin, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon fedar.

"Baba, saboda ni ne?"

Na ce gwiwata ta dama ce ke damuna, giya a can na wahalar da ni. Ya dubi gwiwar, ya dubi ƙasa. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Na ce amin.

A filin na tafa masa har hannuna ya yi zafi. Duk lokacin babur ya tsaya cak. Auta ta aiko da saƙo da yamma, kalma biyu. Likita ya zo, ya sunkuya, ya miƙe, ya ce injin dai yana nan da daɗin ji. Bai zauna shan shayi ba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na fita da shi da safe, zagayen unguwa kawai. Ina tafe ina nanata wa kaina sabon tsarin kamar ɗan makaranta. Lafiya lau har na juyo layinmu. Maƙwabci ya turo motarsa da baya daga ƙofa ba tare da ya duba ba.

Hagu.

Giya ta faɗi ƙasa, tayar baya ta ƙulle ta yi gefe. Ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina zaune a kan kwalta, babur kwance a kan ƙafata, injin na ta bugawa. Maƙwabci yana ta ba da haƙuri. Madubin da yaron ya kawo ya fashe, gwiwar hannuna ta kurje. Ba wani abu.

Shekara arba'in da wani abu ina taka birki a hagu. Na yi ta lissafin ƙafar yaron, ban lissafa tawa ba.

Maman Auta na bakin ƙofa da bokiti a hannu. Ta wanke min ciwon. Da ta gama ta ce, "Yanzu kuma wa za a huda?"

Na sayo wani madubin kafin ya gani.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na zauna a kan babur cikin gareji, injin a kashe, na rufe ido, na sa maman Auta ta buga murfin tukunya lokacin da ta ga dama. Ba sai na rubuta sakamakon ba.

Hawa ba ya son birki sosai. Haka na gaya wa kaina har azahar. Amma akwai manyan motoci da ke saukowa a tsakiyar hanya.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An yi fitar. Babura sun kai ashirin, sama garau.

A wurin taruwa na miƙa wa surukina mabuɗi na ce ya hau da shi ma, gwiwar ta tashi. Wannan karon har ɗingishi na yi masa, kuma ba duka ne na ƙarya ba. Ya buɗe baki, Auta ta taɓa hannunsa, ya rufe. An ajiye namu a ƙarshen layi. Ban ji zafin da na zata ba, ko kuma bai iso ba tukuna.

Auta ta ja mota, ina gefenta, muna bayansa. Jar fitilar wannan babur da fedar birki kaɗai take kamawa. A saukowa ba abin da na kalla sai ita. Kowace kwana ta kama, ta mutu, ta kama. A wurin sabon ƙarfen wata motar kaya ta ɓullo ta cinye rabin hanyarmu. Fitilar ta kama tun kafin in ja numfashi.

"Baba, za ka huda min mota," in ji Auta. Ashe ƙafata ta hagu na danne da ƙasa.

A gindin dutse ya cire hula, gumi sharkaf, yana ta ba Likita labarin yadda yake kwanciya a kwana. Likita ya saurara har ƙarshe, har da tambaya.

Na ce wa surukina ya wuce da babur gidansu ya ajiye, garejina ya cika da tarkace, sai na gyara. Ya ce yaushe zai dawo da shi. Na ce zan yi magana.

Na share garejin da yamma. Bai ɗauki lokaci ba.