Kitsen da Muka Kira Hutu

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kabari ya yi miki faɗi, Inna, ina sanar da ke ɗiyata, takwararki, ta sauka lafiya, an samu namiji. Tana gidana wankan jego.

Tun ranar suna nake tuna nawa jegon a Bengou. Kunun kanwa da sassafe, fura da nono da hantsi, tuwon shinkafa yana iyo cikin man shanu. Ki zauna bakin ƙofa da muciya a hannu, wai sai na cinye. Kina cewa, "Ramammiyar mai jego zagin uwarta ce." Ranar da kika mayar da ni ɗakina zane bai zagaye ni ba, kika yi ta guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ke kanki da jikinki ake kwatance. In kin ratsa kasuwar Gaya, mata su ce Allah ya ba mu hutun Hajiya. Ashe abin da ke cin ki muke yabo.

Sai da kika faɗi gindin murhu, baki ya karkace, ɓarin jiki ya mutu, lokotoro ya zaunar da ni a asibiti. Ya ce kitse ba ajiya ba ne kamar hatsi a rumbu, rai gare shi. In ya yi yawa, musamman na ciki, yakan zuba wasu abubuwa cikin jini masu hana jijiyoyi sakewa, su kumbura daga ciki, hanya ta ƙuntata. Tansiyo ya hau, wato hawan jini, wata rana jijiyar kai ta toshe. Shekara da shekaru yana aikinsa, mu muna yi miki barka.

Yanzu ni ma da ƙwayar tansiyo nake karyawa. Takwararki kuwa, tun tana da ciki awo ya nuna nata ya hau.

Inna, ban ɗura mata ba. Tana cin kifi da zogale, tana shan kunu daidai cikinta. Jiya uwar mijinta ta zo daga Tanda, ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaya ko hatsinmu ne ya ƙare. Na shiga ɗaki na yi kuka, don na san da kina nan bayan uwar mijin za ki bi.

Jibi zan mayar da takwararki ɗakinta yadda take, su faɗi abin da za su faɗa. Da hannuna na yi miki wankan ƙarshe, Inna. Ita ba na so in yi mata. So nake ita ta yi mini.

Ki yafe mini saɓa miki da na yi. Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki, ya raya mini ita. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza