Albasar Baba a Shafin Bello

Yaya Sani,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Ina Anti Hauwa da yara? Nan Gwandu kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Ka tuna Bello, ɗan Kawu na Kalgo, da muka koyi buɗe shafin intanet tare? Ni na zaɓi labarin ƙwallon Turai, tunda kowa na so. Shi kuwa ya tsaya kan adana albasa kaɗai, yadda ba za ta ruɓe ba kafin ta yi tsada. Ashe masu labarin ƙwallo sun yi yawa, ba mai leƙa nawa. Nasa kuwa ya cika da tallan taki da injin ban ruwa.

Abin da ke ci mini rai, Yaya, a bakin Babanmu yake kwasar komai. Kullum yana gonarmu ta Dalijan yana tambaya. Jiya Baba ya ce mini, "Ɗauko wayarka ka karanta mini rubutun yaron nan, ya san abin da yake yi."

Haka na zauna na karanta masa maganarsa.

Ka sa ni a addu'a, don har yau bakina ya kasa yi wa Bello barka. A gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Umaru