Hotonki Marar Fuska

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin ta 'ya ga mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Inna, ƙararki na kawo wurinki. Shekarar da Ghana ta samu 'yanci, mai ɗaukar hoto ya zo har unguwarmu ta Nima da akwatinsa, kika kore shi da ludayin koko. Cewa kika yi, "Mai son ganina ya zo da kwanonsa." To, kwanan baya takwararki, 'yata Hadiza, ta tambaye ni kamanninki. Na rufe ido na neme ki, fuskarki ta ƙi zuwa. Wallahi na tsorata.

Da kika rasu an raba zannuwanki ga matan unguwa, kamar yadda aka saba. Sai na bi su gida-gida ina roƙon ƙyalle, ko da faɗin tafin hannu ne. Na ɗinka su a jikin buhun goro don in fitar da hotonki. Na yi fatarki da lalle, hayaƙin murhu da gawayi, na ɗaure tsohon ludayin nan da zare a hannunki. Fuska kuwa, duk lokacin da na zana sai wata baƙuwa ta fito. Na bar wurin fili, na rataye buhun a ƙofar shagon ɗinkina ina jin kunya.

Kin san mutanenki ba sa ganin abu su wuce. Iya Sikira, Bayarabiyar nan mai sabulu, ta ce ɗaurin kallabinki hagu yake karkata, ta sa hannu ta gyara. Mai kifin da kuke ciniki da yaren Ga ta kawo dutsen wuya ɗaya. Wani ɗan dako daga unguwar Maamobi ya tsaya da kaya a ka, ya ce da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Wannan Inna mai koko ne. Amma shi hannu ɗaya a ƙugu ne kullum, yana faɗa." Na warware ɗinkin, na mayar da hannun ƙugu. Tun ina cewa aikina ne ni kaɗai, har na daina.

Jiya da safe an taru ana gardama a kanki, Hadiza ta fito da tsintsiya ta tarar an tare ƙofa. Ta kama ƙugu, ta taɓe baki, ta ce a matsa mata ta yi shara. Iya Sikira ta ja bakin gyale ta share ido, ta ce, "Ga fuskar nan."

Ashe kina cikin gidan, Inna, ni ce nake rufe ido ina nemanki. Na yi kewarki ƙwarai.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya raya takwararki da halinki, faɗan dai a rage mata kaɗan. Amin.

'Yarki,
Rakiya mai ɗinki