Muryar Kwamfutar Baba Ta Ɗauke

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki a jirgin ruwa? Yaya, na yi ɓarna. Kwamfutar da ka haɗa wa Baba, mai karanta masa rubutu tun da idonsa ya tafi, ta yi gum. Na ga tana nauyi, sai na bi bayanin intanet na sake harhaɗa kenel, wato zuciyar manhajar. Da jerin saitin ya fito, duk abin da ban gane ba na kashe. Tsohon kenel ma na goge. Tana kunnuwa, amma ba sauti.

Kwana huɗu ke nan Baba yana zama gabanta, ya lalubi maɓallai, ya kasa kunne, ya tashi. Bai yi mini faɗa ba, abinci kawai ya rage ci. Wallahi gara ya zage ni. Ka taimake ni.

Ƙanwarka, Auta

Auta,

Ina amsawa. Hali dai na nan! Ke ce kika taɓa zubar da maganin Baba don kwalbar ta tsufa. Cikin abin da kika share har da sashen sauti.

Sake harhaɗawa, amma da saitin asali da ya zo da shi. Waɗanda suka tsara shi sun fi mu sani. Duk tambayar da ya yi miki, karɓi amsar da ya zaɓa. Kada ki gyara komai. Gobe za mu tashi, sai bayan sati uku zan samu sabis. Ki gaishe da Baba.

Yayanki

Yaya,

Na san ba za ka gani yanzu ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa. Tambayoyi sun fi ɗari, na zauna a kan hannuna na hagu don kada in gyara komai, na dama kuwa yana ta danna maɓalli ɗaya. Awa biyar rubutu yana gudu a allo. Baba ya leƙo ya ce, "Auta, bar shi haka, na saba da shiru." Na shiga banɗaki na yi kuka. In wannan bai yi ba, ban san me zan yi ba.

Auta

Babban ɗana,

Ina gaishe ka. Ni na rubuta wannan da hannuna, kwamfutar tana maimaita mini kowane harafi. Auta tana bayana, ta ce akwai kurakurai uku. Na ce kada ta taɓa komai.

Babanku