Kwalekwalen Badaru a Majemar Illo

Zuwa ga: Mai girma Superefe na gundumar Illela, jihar Tawa.
Daga: Mamane Chindo, mazaunin ƙauyen Gidan Jaje, a madadin wansa Badaru Chindo.
Rana: Litinin, 10 ga Yuli 1989.

Game da: Ƙwace kwalekwalen Badaru Chindo da mayar da shi mazubin jima.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga shugabansa, ina neman izinin kawo kukan wana Badaru, wanda ba ya rubutu, kuma takaici ya hana shi tsayawa gaban kowa ya faɗi wannan magana da bakinsa.

1. Badaru direban motar siminti ne a Malbaza har shekarar 1983, lokacin da hatsarin hanya ya kashe masa ƙafar hagu. Gonar gadonsa tana hayin tabkin garinmu. Idan tabki ya cika da damina sai an zagaya ta bayan dutse, tafiyar da mai sandar dogarawa ba ya iya yi. Shekaru yana zaune a gindin katanga ana yi masa sannu. A watan Yuni na bara ya sayar da kekensa, tunda ba hawa zai sake yi ba, ya aika garin Gaya na bakin kogi aka sassaƙo masa ƙaramin kwalekwale na maɗaci mai cin mutum ɗaya. Wani tsohon abokin aikinsa ne ya ɗoro shi a motar siminti da ke komowa ba kaya. Gari ya sha dariya ranar farko, don yini ya yi yana juyawa wuri guda, matarsa Tsahara tana salati a bakin ruwa. Kafin a gama noman farko ya iya filafili, yana ƙetarewa da safe ya komo da la'asar, wani lokaci ma ya ɗan zagaya wajen agwagin ruwa don jin daɗi kawai. Ban taɓa ganinsa haka ba tun hatsarin.

2. Ranar Lahadi 9 ga Oktoba 1988, yana tahowa da dammunan geronsa, sai Tanimun, wanda dattawan gari suka ɗora wa kula da tabki, ya tare shi a gaɓa. Wai al'ada ta hana kowa shiga ruwa kafin ranar buɗin su, wato kamun kifi na gayya. Ranka ya daɗe, mun san al'adar, a cikinta aka haife mu, kuma kifi take karewa. Badaru ba shi da koma, ba shi da ƙugiya, kifi ma ba ya ci. Tanimun ya kalle shi damina guda yana kai da komo bai ce uffan ba, sai ranar nan ya tuna da al'ada. Ya sa aka zubar da dammuna a kan taɓo, aka ɗauke kwalekwale da filafili, da sunan ajiya har ranar su.

3. Badaru bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, kuma gaban jama'a ya roƙe shi: kada a bar kwalekwalen a rana babu ruwa ciki, don masassaƙi ya gargaɗe shi cewa itacen jirgi in ya bushe tsagewa yake yi. Tanimun ya dafa ƙirji ya ce ya kwantar da hankalinsa, ba zai rasa ruwa ba ko yini ɗaya.

4. An yi su a watan Maris, an cinye kifi, ba a maido komai ba. Yau Tanimun ya tafi kasuwar Tajaye, gobe yana barci, jibi bai san wanda ya ɗauka ba. Sai ranar Asabar da ta wuce ya faɗa mana, yana sakace, cewa mu duba wajen surukinsa Illo majemi. Muka tafi, ni da Badaru a kan jakin aro. Tun daga nesa jakin ya fara tirjewa. Ga kwalekwale nan a bayan gari an dasa shi kan duwatsu, cike da baƙin ruwan toka da kashin tattabaru, fatun awaki suna ruɓewa a ciki, gashi da kitse sun yi kumfa a sama, ƙudaje kuwa har sun rufe sunan Tsahara da Badaru ya sa aka rubuta a gaba. Filafilin ma yana hannun Illo, da shi yake motsa ƙazantar. Na roƙi gafarar mai girma da sa irin wannan a takardar da za ta shiga buron hukuma, amma abin da idona ya gani ke nan. Badaru ya sauka, ya dafa sandarsa, ya yi amai.

5. Abin da ya fi warin muni shi ne bakin mutanen nan. Illo ko kunya bai ji ba, cewa ya yi kwatarniyarsa ce ta fashe, kuma bai taɓa samun mazubi mai daɗin aiki kamar wannan ba. Tanimun da ya biyo mu ya ce ai godiya ta kamace shi, an ce kada itace ya bushe, to ga shi bai bushe ba, mu duba ko akwai tsaga. Suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Washegari Illo ya aiko da buzu ɗaya cikin waɗanda aka jeme a ciki, wai tukuici, Badaru ya riƙa salla a kai. Tsahara ta ɗauke shi da tsinken kara ta jefa bayan danga. Shi da Tanimun suka ƙara da cewa a jira sai bayan Babbar Salla, don fatun layya na tafe.

6. Ruwan sama ya sauka, tabki ya fara cika, shukar da Badaru ya yi kafin hanya ta yanke ta tsiro tare da ciyawa. In aka jira fatun layya su jemu, noman bana ya wuce shi.

Saboda haka muna roƙon mai girma, cikin ladabi, ya ba da umarni a maido kwalekwalen da filafilinsa cikin makon nan, a sa waɗanda suka ɓata shi su wanke shi da hannunsu a bakin tabki, kuma a bayyana wa gari ko al'adar su ta hana mutum zuwa gonarsa. In za a aiko wani ya gani, a faɗa masa ya zo kafin ya karya kumallo.

Na ce wa Badaru warin nan ya shiga itace, ba zai fita ba har abada. Ya ce ya sani, a maido masa haka nan, zai toshe hanci ya shiga, don a cikinsa kaɗai ne ba a ce masa sannu.

Allah ya ja zamanin mai girma, ya ƙara masa lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Mamane Chindo.
Dangwalen yatsa: Badaru Chindo.